Dubu Goma da Bakwai

Ka taɓa ganin wanda iliminsa ya nemi korarsa daga gari? To, ga Nomau, wanda ya dawo Kwarin Gamji da digirin lissafi, bakinsa kamar an kunna rediyo.

Sarki ya sa aka ƙirga mutanen gari, aka sami dubu goma da bakwai. Ya so ya raba su unguwa-unguwa, kowace daidai da 'yar'uwarta. Nomau ya yi zumbur ya miƙe, ba wanda ya tambaye shi.

"Ranka ya daɗe, wannan lamba ba ta rabuwa! Biyu, uku, bakwai, ɗari, duk sai an bar saura. Ita ce irinta ta farko bayan dubu goma. Amma a cire mutum ɗaya, sai ta rabu biyu cif."

Sarki ya ce, "Madalla. Wa ya shigo garin nan a ƙarshe?"

Fada ta juyo ta dubi Nomau. Baki shi ke yanka wuya. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin in ɗaure kayana, a ji labarin ƙudan zuma."

"Muna ji, ɗan boko."

"Wata sarauniyar zuma ta so ta jera rundunarta sahu biyu, kullum ɗaya na saura. Ta ce a kore ta. Sai wata tsohuwar zuma ta ce, 'Uwar ɗakina, ba ki ji abin da ya sami magada ba?' Sarauniya ta ce, 'Me ya same su?'

"Tsohuwa ta ce, 'Wa da ƙane suka gaji shanu goma sha biyu. Kafin a share makoki kowa ya kora shida, ya kama gabansa. Kura ta bi su ɗai-ɗai. Maƙwabtansu kuwa sha uku suka gada. Wannan ya ce saurar tasa ce, wancan ya ce sai dai a binne shi. Suna zagin juna suna kiwo tare, har garken ya cika kwari. Abin da ya ƙi rabuwa, shi ke kwana.'

"Sarauniya ba ta ji ba. Aka kori ɗaya, sahu ya daidaita, kowane ɓangare ya ga ai shi ma ya isa amya. Kafin kaka sun rabu, masu ɗiban zuma suka samu a ɓagas. Ranka ya daɗe, garin da lissafi ya kasa rabawa, wane maƙiyi zai iya?"

Sarki ya shafa gemu. Can ya ce, "Na yarda. A bar garina yadda Allah ya ƙirga shi. Kai kuma zauna, amma ka riƙa bari a tambaye ka."

Nomau ya fito yana share gumi. A ƙofar fada ya ji guɗa: matar Sarkin Maƙera ta sauka lafiya. Dubu goma da takwas! Ta rabu biyu, ta rabu uku, huɗu, shida, takwas, har ma tara. Bakinsa ya yi ta ƙaiƙayi, ya cije leɓe ya wuce.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai Kwarin Gamji, ka je ka yi wa maƙera barka. Amma in ka shiga gaida Sarki, don Allah ka yi masa zancen damina.