Balan-balan Biyu a Ƙusa Ɗaya

Akwai wani maigida da ya tashi aurar da 'yarsa Bilhatu ga wani saurayi mai suna Istifanus. Maigidan nan kuwa irin mutanen nan ne da ba a yi musu aiki su ce ya yi. Shi zai jera kujeru, shi zai ɗanɗana miya, har mai ganga sai ya koya masa kiɗa.

Ran biki ya sayo manyan balan-balan biyu, aka rubuta sunan amarya a ɗaya, na ango a ɗaya. So yake ya rataye su a ƙusa ɗaya a bakin rumfa, suna jingine da juna, domin in dangin ango sun iso daga sujada su gani su yaba. Da ya duba sai ya ga wai ba sa ƙyalli. Ya ɗauko bargon ulu, ya goge wannan tas, ya goge wancan tas, ya ɗaure su da zare ya rataye.

Sai mai sunan amarya ya yi gabas, mai sunan ango ya yi yamma. Ga shi rani ne, ko ganye ba ya motsi, balle a ce iska ce. Ya haɗa su da hannu, yana saki suka sake rabuwa.

Ƙanwarsa tana gefe tana figar kaji, ta ɗaga kai ta ce, "Yaya, mutanen ango za su sami abin faɗa fa. Tun ba a kai ta ɗaki ba har sun juya wa juna baya?"

Ya ce, "Ke dai yi figarki! Gugar ce ba ta isa ba."

Ya sauke su, ya sa ƙarfi ya sake gogewa, ya mayar. Suka ƙara nisa. Abin haushi kuma, gashin kaji da ƙaiƙayin shinkafa suka riƙa tsalle suna manne musu, har sunan ango ya ɓace. Ya kai bargo zai share, wasu suka ƙaru. Haushi ya cika shi, gumi ya jiƙa masa babbar rigar biki, ga waƙar zumuntar matan ikkilisiya masu rako dangin ango ana jiyowa ta kusa ƙofar gida.

Ana cikin haka matarsa ta fito daga wankin shinkafa, hannuwanta sharkaf da ruwa. Ta ce, "Baban Bilhatu, wannan datti fa?" Ta kama su ta shafe da jiƙaƙƙen hannu, ta wuce madafa abinta. Balan-balan suka sauko a hankali suka jingina da juna. Maigida ya tsaya riƙe da bargonsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: guga tana tara wani ƙarfin lantarki a jikin roba. Abu biyu da suka ɗauki iri ɗaya ture juna suke yi, suna kuma jawo duk wani tarkace mara nauyi. Danshi ne yake kwashe ƙarfin.

Balan-balan nan ma'aurata ne da suka sami saɓani. Maigidan kuwa mu ne, iyaye da dattawan ikkilisiya. Na gaji da ganin wannan! Mu je wurin miji mu ce, "Ai kai ne da gaskiya, kada ka yarda a raina ka." Mu zaga wurin mata mu faɗa mata haka nan. Mun cika su da girman kai iri ɗaya, sa'an nan mu zaunar da su a benci ɗaya muna mamaki sun ƙi kallon juna. Masu tsegumi kuma su taru su manne musu. Ruwan nan shi ne tawali'u da gafara, waɗanda Ubangiji ya nuna mana.

Saboda haka, in an kira ka sulhu a makon nan, ka duba abin da ke hannunka kafin ka yi sallama. In bargo ka ɗauko, don Allah ka zauna a gida.