Saiwar da Ta Ba da Shaida a Lambun Nomau

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wani alƙali mai suna Malam Haladu, wanda aka sani da jinkirin yanke magana. Idan ƙara ta shafi gona, ba ya hukunci sai ya taka gonar. Idan ta shafi rijiya, sai ya leƙa ta da idonsa. Masu gaggawa suna ƙorafi da shi, amma ba a cika ɗaukaka ƙara daga zaurensa ba.

A garin akwai wani manomi, Nomau, wanda babu kamarsa a noman tumatir. Lambunsa yana cikin fadama, an kewaye shi da jinga, wato tudun ƙasa da ake ɗagawa don tare ruwan gulbi. A shekarar da wannan abu ya faru, Nomau ya yi dashe da wuri, tun damina ba ta gama ɗaukewa ba, don nasa ya riga na kowa nuna. Tumatir ya kama, ya yi kore shar, har ya fara fure. Sai ga saƙo cewa ƙanwarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta kwanta ciwo. Ya kira ƙanensa Cindo ya damƙa masa lambun.

"Ba na neman ka yi komai," in ji Nomau, "illa ka zagaya jingar nan kullum. Gulbi ya cika, ƙasa kuma ta sha ruwa."

Cindo ya ce, "Yaya, ka tafi da kwanciyar rai."

Nomau ya kwana goma. Ranar Alhamis da la'asar ya dawo, bai ko shiga gida ba ya zarce fadama. Da ya hau jinga, sai ya ga lambunsa ya zama tafki. Ruwa jajir ya shanye fangali, ya kamo tumatir har rabin kara. Ganyaye sun lanƙwashe sun dubi ƙasa, na gindi sun yi rawaya, furen kuwa duk ya zube.

Nan Cindo ya same shi, tare da mutum biyu daga masu lambun maƙwabta. Suka ce da safiyar ranar sun ga wani masunci mai suna Bagudu a kan jingar da shebur yana fasa ta, suka kore shi, suka toshe inda ya fasa.

Shi Bagudu baƙo ne. Shekara uku ke nan da ya zo daga ƙasan gulbi da matarsa da 'ya'yansa, mai unguwa ya ba shi wurin zama a gefen fadama. Ba shi da dangi a garin, kuma kowa ya san sun taɓa sa-in-sa da Nomau a kan inda yake ɗaure kwalekwale. Kafin magariba labari ya game gari, cewa baƙo ya rama gayya. Samari suka fara maganar rushe masa bukka, dattawa suka ce a bari alƙali ya ji tukuna.

Da hantsin Juma'a aka taru a zauren Malam Haladu. Nomau ya faɗi ƙararsa, ya nemi a karɓe wurin da aka ba Bagudu, a fitar da shi daga garin. Shaidu uku suka tashi ɗaya bayan ɗaya, maganarsu ba ta saɓa ba. Cindo ya ƙara da cewa ranar Laraba da yamma ya zagaya lambun, ya bar shi lafiya lau.

Alƙali ya dubi Bagudu ya ce, "Ka fasa jingar?"

"Allah ya gafarta Malam, na fasa."

Zaure ya ɗauki gunaguni. Alƙali ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

Bagudu ya ci gaba: "Na yi mako guda a ƙasan gulbi wajen kamun kifi. Da na dawo na ga ruwa kwance cikin lambun. Ni kuwa na san gulbi ya fara ja baya, ya sauka ƙasa da lambun. Na ce in buɗe wa ruwan hanya ya fita. Ban shigar da ko ɗigo ba. Ruwan na tarar."

"Kana da wanda ya ga ruwan kafin Alhamis?"

"Ba ni da kowa, Malam. Lambun yana can ƙarshen fadama, ba hanyar mutane ba ce."

Alƙali ya auna maganar. Ga shaidu uku, 'yan gari, waɗanda ba a taɓa kama su da ƙarya ba; ga kuma mutum ɗaya wanda ya amsa aikin da bakinsa, bai musa komai ba sai niyya. In ya bi shaidu, zai iya korar mai gaskiya da iyalinsa. In ya bi zuciyarsa, ya watsar da shaida ba tare da hujja ba, gobe kuma babu wanda zai amince da zaurensa. Ya ce a dawo gobe da safe, kuma kada wanda ya taɓa Bagudu ko abin da ya mallaka.

Bayan an sauko daga masallaci, Malam Haladu ya nufi fadama shi kaɗai. Ya hau jinga ya duba, bai ga abin da ya wuce abin da kowa ya gani ba. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwan. Ya sa hannu ya shafa karan wani tumatir a ƙarƙashin ruwa, ya ji wani abu kamar gemu. Ya tumɓuke shi a hankali ya ɗaga. A daidai inda ruwa ya tsaya, karan ya kumbura, wasu fararen saiwoyi sun fito daga jikinsa, tsawonsu ya kai ɗan yatsa. Saiwar asali kuwa, ta cikin ƙasa, ta yi baƙi tana wari. Ya ciro na biyu daga tsakiyar lambun, na uku daga can kusurwa, duk haka suke. A hanyarsa ta komawa ya ratsa wani lambu na kan tudu, ya duba karan tumatir ɗin wurin, bai ga irin saiwar ba. Shi ba manomi ba ne, bai san kwana nawa irin wannan ke ɗauka ba. Amma ya san wanda ya sani.

Ranar Asabar zaure ya cika har waje. Kafin a buɗe ƙara, alƙali ya sa aka ajiye wani daro a gabansa, da tumatir uku a ciki.

Ya ce, "Malam Nomau, kafin mu shiga maganarka, ina da tambaya. Bana ruwa ya taɓa lambuna da yawa. Waɗannan na samo su daga wani lambu da ruwa ya kwanta a ciki. An ce babu wanda ya kai ka sanin wannan shuka. Ka karantar da ni, me ya same su?"

Nomau ya matso ya durƙusa. Duk da ɓacin ran da yake ciki, da hannunsa ya taɓa tumatir sai muryarsa ta sauya.

"Allah ya gafarta Malam, saiwa ma numfashi take yi, kamar mutum. In ruwa ya kwanta, iska ba ta isa gare ta, sai ta shaƙe. Abin da shukar ke fara yi shi ne ta sunkuyar da ganye, kwana ɗaya ko biyu za ka ga haka. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu, alhali tattali take yi. Daga nan sai karan ya kumbura a bakin ruwa." Ya fasa karan da farce ya nuna. "Duba cikinsa, ya yi sakwa-sakwa kamar soso. Hanyar iska ce ta buɗe wa kanta. Sannan ƙuraje su fito a jikin karan, su fashe, su zama wannan farar saiwa. Ta bar ta ƙasa ta ruɓe, ta yi sabuwa a sama inda iska take."

"Ikon Allah," in ji alƙali. "To wannan da ke hannunka, kwanansa nawa a ruwa?"

Nomau ya gwada saiwar da yatsansa. "Ba zai gaza bakwai ba. In ka ce takwas ma ban musa ba."

"Ba zai yiwu a kwana biyu ba?"

"A kwana biyu ko ƙurajen ba su gama fitowa ba, Malam. Shekara talatin ina wannan aiki. Wanda ya ce maka biyu, bai taɓa riƙe tumatir ba."

"Za ka tsaya a kan wannan magana a gaban jama'a?"

"Ko a gaban wa."

Alƙali ya gyara zama ya ce, "Jama'a, kun ji. Waɗannan uku ni na ciro su da hannuna jiya bayan Juma'a, daga lambun Malam Nomau. A lokacin kwana ɗaya da yini ke nan da Bagudu ya sa shebur a jinga."

Nomau ya dubi tumatir ɗin da ke hannunsa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya a hankali ya nemi ƙanensa cikin mutane.

"Cindo, ranar Laraba ka zagaya?"

Cindo ya sunkuyar da kai. "Yaya, kwana biyu na farko na je. Daga nan aikin gonata ya riƙe ni, na ce jinga mai ƙarfi ce. Ranar Alhamis da na zo na ga ruwa, na ga Bagudu da shebur, sai raina ya so a ce shi ne. Da na faɗa sau ɗaya, na kasa janyewa."

Sauran shaidu biyu suka ce su dai abin da suka gani suka faɗa. Alƙali ya ce, "Ban ƙaryata ku ba. Kun ga mutum yana fasa jinga, haka kuma aka yi. Amma ba ku tsaya kun ga inda ruwan ya nufa ba, kuka toshe. Kun ƙara wa lambun kwana biyu a ruwa da hannunku, kuna zaton taimako kuke yi."

Sannan ya yanke hukunci. Ya ce Bagudu ba shi da laifi, wurin zamansa nasa ne, wanda ya taɓa shi kuma zai gamu da shari'a. Cindo zai tsaya a inda ya tsaya jiya ya janye shaidarsa da babbar murya, kuma ba za a sake karɓar shaidarsa a zauren ba sai an ga gyaruwarsa. Ya dubi Nomau ya ce, "Kai kuma, ɓacin rai ya sa ka tsaya a kan jinga ka yanke hukunci, alhali da ka shiga ruwan da ka riga ni sani. Yanzu ka faɗa mini, lambun nan ya mutu?"

Nomau ya sake duban farar saiwar. "Wanda ya yi irin wannan bai mutu ba, Malam. In ruwan ya fita yau, ƙasa ta ɗan sha iska, aka tara masa ƙasa a gindi ta rufe sabuwar saiwa, zai tashi. Ba duka ba. Amma zai tashi."

"To me muke jira a nan?"

Aka ɗunguma zuwa fadama. Nomau ya tsaya a kan jinga yana duba inda za a buɗe, bai tabbata ba. Ya juya ya ga Bagudu a can baya, hannu harɗe a ƙirji, bai matso ba. Nomau ya sauko ya je har gabansa, ya miƙa masa shebur.

"Malam Bagudu, na nemi a kore ka da 'ya'yanka a kan alherin da ka yi mini. Ba ni da bakin ba ka haƙuri. Amma ni ƙasa na sani, kai ka san ruwa. Nuna mana."

Bagudu bai karɓa nan take ba. Ya ce, "Kwana biyu matata tana ɗaure kaya tana kwancewa. Wannan ba zai wuce yau ba, Malam Nomau, sai a hankali." Sannan ya karɓi shebur ɗin. "Amma shukar ba ta yi mini komai ba."

Ya fasa daidai inda ya fasa da farko, ruwa ya kama hanya zuwa gulbi da gudu. Da ruwan ya janye, sai aka ga asalin ɓarnar a can ɗaya gefen: ramin gafiya ne ya huda jingar daga ƙasa, ta nan gulbi ya shigo lokacin da ya cika. Cindo ne ya toshe ramin, shi ne kuma ya yi kwana huɗu yana tara ƙasa a gindin tumatir, babu wanda ya sa shi. Kusan kashi biyu cikin uku na lambun suka farfaɗo. Tumatir ɗin bai riga na kowa nuna ba a shekarar, amma ya yi 'ya'ya, kuma daga waɗanda suka fi saurin fid da saiwa Nomau ya ɗebi irin baɗi.

An ce daga baya wani ɗalibin shari'a ya tambayi Malam Haladu yadda aka yi shuka ta rinjayi shaidu uku. Malam ya ce ba ta rinjaye su ba, ta dai riga su zuwa wurin ne. Shi ya sa masu hankali suke cewa: ido yana ba da shaidar sa'ar da ya gani, amma wanda ya kwana cikin wahala yana ɗauke da lissafin kwanakinta a jikinsa; mai hukunci kuwa ba ya isa ga wannan shaida sai ya yarda ya jiƙa ƙafarsa.