Baƙon da Ya Dasa Mangwaro a Gonar Aro

Akwai wani saurayi mai ƙafar yawo, wanda ya bar garinsu tun gemu bai tsiro masa ba. Ya yi dako a tasha, ya yi leburanci a ƙasashen da ba a jin Hausa, ya ci abincin da bai san sunansa ba. Sai wata shekara, damina tana shirin ɗaukewa, ya rataya jakarsa ya dawo gida.

Ya tarar garin ya sake kama. Rijiyar da ya sha jan ruwa a cikinta an rufe ta da kankare, an kafa famfo mai aiki da hasken rana. Rafin da ake tuɓe takalmi a haye, an ɗora masa gada. Majami'ar ciyawa ta zama ta kwano. 'Yan matan da ya bari suna gaɗa, kowace da goyonta. A bayan dutse kuma ga sabuwar unguwa ta mutanen da faɗa ya koro daga ƙetaren iyaka, masu Hausa a karkace.

Duk waɗannan ya gani ya gane. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Tsohon siton gyaɗa da ke bakin kasuwa an shafe shi da farin fenti, an ajiye benci a ƙofarsa. Ranar kasuwa mutane sukan zauna a bencin, su shiga da ɗai-ɗai, su fito hannu rabbana, amma fuskarsu ba yadda ta shiga ba.

Sai ya tambayi gwaggonsa, wadda ya sauka a gidanta, ya ce, "Gwaggo, me ake sayarwa a tsohon siton nan?"

Ta ce, "Ba a sayar da kome."

"To, me ake rabawa?"

"Kai, ashe ba ka bar tambayarka a can ba? Wai lauya ce take zuwa daga birni, wai tana jin matsalar talaka kyauta." Ta taɓe baki. "Lauya da kyauta! Ka taɓa ganin kura tana kiwon awaki saboda Allah?"

"Kin taɓa shiga?"

"Allah ya sawwaƙe. Da wa nake shari'a?"

Wata safiya saurayin ya fita zaga gonaki, don zama wuri ɗaya yakan sa shi ciwon baya. Ya iso wata gona da dawarta ta fitar da kai, amma ba ta ƙosa ba tukuna. A bakin iyakar gonar ga wani dattijo a durƙushe, yana haƙa kewaye da wani ɗan mangwaro da bai wuce ƙugu ba, yana lallaɓa saiwoyin kamar mai ɗaukar jariri.

Saurayin ya gaishe shi, ya ce, "Baba, na sha ganin masu dasa itace da damina. Mai tone shi kam yau na fara gani."

Dattijon yana daga cikin mutanen bayan dutse, kowa a garin Baba Baƙo yake ce masa. Ya share gumi ya ce, "Ɗana, laifina nake cirewa."

"Wane laifi mangwaro ya yi?"

Sai dattijon ya ba shi labari. Sa'ad da ya iso garin da matarsa da jikokinsa marayu, wani tsoho mai kirki ya ba shi aron wannan gona. A ƙasarsu kuwa, in mutum ya ba ka ƙasa ka noma, ba a gode masa da baki kawai, itace ake dasa masa. Don haka ya dasa mangwaro uku a bakin iyaka. Tsohon ya rasu bai ga girmansu ba. Da 'ya'yansa biyu suka zo suka gani, sai ransu ya ɓaci, gama a wannan gari ba a dasa itace a gonar aro. Wanda ya dasa, cewa yake yi gonar ta zama tasa. Suka kai ƙara, sammaci ya zo, suka kuma ce ya tashi kafin girbi.

Saurayin ya ce, "Ba ku gaya musu nufinku ba?"

"Na buɗe baki, Hausata ta gudu ta bar ni. Na ce 'nasu ne', suka ji 'namu ne'."

"Yanzu me za ku yi?"

"Zan cire itatuwan, in kwashe iyalina mu wuce gaba kafin ranar kotu."

"Dawar fa?"

Dattijon ya dubi dawar. Ita ce abincin gidansa na shekara, ba shi da wani rumbu a ko'ina. Sa'an nan ya ce, "Baƙo ba shi da baki a gaban alƙali. In na shiga, tambayar farko ita ce daga ina na zo."

Saurayin ya san wannan tsoro, gama shi ma ya kwana da shi a ƙasar wasu. Ya tsuguna, ya mai da ƙasa a gindin mangwaron, ya ce, "Baba, ku yi mini alfarma. Akwai wani ɗaki a bakin kasuwa da nake neman dalilin shigarsa tun da na dawo. Ni ba ni da shari'a. Ku ara mini taku."

Dattijon ya yi dariya ba da niyya ba. "Me za su karɓa?"

"Shi ne abin da nake so in gani."

Ranar kasuwa suka zauna a bencin, tsakanin wata mai tuyar ƙosai da aka kore ta daga rumfarta da wani makaniki da aka tsare ƙanensa. Da layi ya zo kansu suka shiga. Babu kome a ɗakin sai tebur da kujeru da tulun ruwa, da wata mace mai tabarau tana ɓare gyaɗa. Ta miƙe ta gaida dattijon, ta ba shi kujera, ta ce, "Baba, yaya sunanku?"

Ya ce, "Baƙo."

"Wannan ai ba suna ba ne. Wanda aka raɗa muku nake tambaya."

Dattijon ya nemo sunan kamar mai lalube a tsohon kwando. Ya ce, "Matiyas."

Saurayin ya kasa haƙuri, ya ce, "Barista, ki gafarce ni. Wa yake biyanki?"

"Kai ne mai shari'ar?"

"A'a, ɗan rakiya ne."

"Ɗan rakiya mai bakin tsuntsu. To, ji. Ina da ofis a birni, a can nake cin abinci. Ranar kasuwa ita ce zakkar aikina. Ɗakin nan zumuntar matan majami'a da 'yan kwamitin masallacin kasuwa suka gyara shi. Ruwan tulun ma kyauta ne, sha ka bar mu mu yi magana."

Ta saurari Matiyas har ya gama, ba ta katse shi ba, ba ta gyara masa Hausa ba. Sa'an nan ta ce, "Baba, abu biyu nake roƙonku. Kada ku gudu, gama wanda ya gudu ya bar wa abokin shari'arsa kunnen alƙali duka biyu. Kada kuma ku ƙara tone ko itace ɗaya. In ta kai mu kotu, ni zan tsaya muku. Amma bari mu fara neman sulhu a gaban mai unguwa. Akwai wanda ya shaida ranar da aka ba ku aron?"

Matiyas ya ce, "Akwai wata mata da ta kawo wa tsohon kunu a gona ran nan. Mai faɗa ce, tana da wushirya."

Saurayin ya dafe kai, ya ce, "Gwaggona ce."

Da ƙyar gwaggon ta yarda. Ta ce ita ba ta shiga harkar lauyoyi, amma ba za ta bari a ce ba ta ga abin da ta gani ba. Aka taru a zauren mai unguwa da hantsi. Gwaggo ta ba da shaida cewa aro ne, tsohon kuma da bakinsa ya ce, "Noma ka ci, ba mai tashinka da amfani a tsaye." Babban ɗan marigayin ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu musa aro ba. Amma kowa a nan ya sani, mai aro ba ya dasa itace. Yau mangwaro, gobe jikokinsa su ce gadonsu ne."

Mai unguwa ya gyaɗa kai, gama gaskiya ce bisa ga al'adar garin.

Lauyar ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta ce, "Baba Matiyas, a hankali, da Hausarku yadda take. Wa kuka dasa wa?"

Matiyas ya ce, "A wurinmu, kowane itacen godiya da mai shi. Ana kiran sunan yaron gidan a ramin, kafin a sa ƙasa. Na farko daga gabas, na Tabita ne. Na biye da shi, na Gidiyon. Ƙaramin da ya ƙi girma, na Bilhatu ne, ita ma an ce ba ta son cin abinci."

Tabita da Bilhatu 'ya'yan babban ɗan ne, Gidiyon kuwa na ƙanensa. Babban ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wa ya gaya maka sunayensu?"

"Kakansu. Kullum a bakinsa suke."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko? Mutum yana yi wa 'ya'yanku gado, kuna kai shi kotu!" Mai unguwa ya ce ta yi shiru, amma shi ma yana ɓoye murmushi.

Ba a ba Matiyas duk abin da yake so ba. Ƙanen ya ce iyalinsa sun yi yawa, yana bukatar ƙasa, wannan ma gaskiya ce. Aka yanke cewa Matiyas zai girbe dawarsa duka. Daga baɗi zai ci gaba da noman rabin gonar a matsayin aro, itatuwan kuwa na jikokin marigayi ne, shi ne mai ba su ruwa. Aka janye ƙarar. Matan zumunta suka sa ranar gayyar girbi, gwaggo ce ma ta fi kowa ɗaga murya a kan wa zai kawo kunu.

Saurayin kuwa bai jira girbin ba. Da ya gane abin da ake yi a ɗakin nan, sai ƙafarsa ta soma ƙaiƙayi. Gwaggo ta same shi a tsakar gida yana ɗinke maratayin jakarsa.

Ta ce, "Ina kuma?"

Ya ce, "An ce akwai wani gari a bakin teku inda ake ƙera jiragen ruwa. Ina so in ga yadda ƙarfe yake iyo."

"Ƙarfe ya koyi iyo, kai ka kasa koyon zama." Ta shiga ɗaki tana mita, ta fito da ƙullin kuka da daddawa, ta cusa masa a jakar.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Gonar aro ita ce duniya. Dukanmu aro aka ba mu, ba wanda ya zo da ƙasarsa a ka. Saboda haka kada ɗan gari ya yi fahariya a kan baƙo, ko mai hali a kan marar hali. 'Ya'yan marigayin ba mugaye ba ne. Sun ga itace, sun fassara shi da al'adarsu, ba su tambaya ba. Sau nawa muke mai da godiyar baƙo ta zama laifi, don kawai harshensa ya karkace?

Matiyas shi ne kowane mai gaskiya da tsoro ya rufe wa baki. Ku lura, taimako yana bakin kasuwa tun kafin sammaci ya zo, amma ya kusa barin abincin jikokinsa a tsaye don bai san ƙofar tasa ce ba. A wurare da yawa akwai lauyoyi da ƙungiyoyi masu tsaya wa marasa ƙarfi ba tare da karɓar kome ba. In damuwa ta same ka, kada ka gudu, kada ka ɓoye sammaci a ƙarƙashin tabarma. Ka tambayi fastonka, ka tambayi dattawa da matan zumunta, har a nuna maka ƙofar. Lauyar kuma tana tuna mana da Ubangijinmu, wanda yake tsaya mana ba don mun biya ba, yana kuma kiranmu da sunanmu na gaskiya. In Allah ya ba ka ilimi ko sana'a, ka fitar da zakkarta.

Gwaggo ita ce yawancinmu. Muna da shaida a baki da alheri a zuciya, amma mun yanke wa ɗakin hukunci ba mu taɓa leƙa shi ba.

Saurayin fa? Ba lauya ba ne, ba dattijo ba ne, ba shi da gona, bai ma iya zama ba. Kada wani ya ce sai ya zama wani abu kafin Allah ya more shi. Abin da yake da shi kawai, ya ga abin mamaki ya tsaya ya tambaya, sa'an nan ya raka mutum har ƙofa ya zauna kusa da shi a benci. Mai jin tsoro ba kwatance yake bukata ba, ɗan rakiya yake bukata. A layinku akwai wanda kuka shekara kuna gaisawa, ba ku san sunan da uwarsa ta kira shi da shi ba. In an tashi daga sujada, kada ku miƙe gida. Ku bi ta ƙofarsa.