Shaidar da Dattijo Ya Kasa Janyewa

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da rai. Manomi ne na ƙwarai, masararsa har Funtuwa ake kai ta. Kuma dattijon ikilisiya ne, irin waɗanda in suka fara addu'ar cin abinci sai tuwo ya huce. Yana ƙaunar Allah, ban musa ba, amma ya fi ƙaunar a ce yana ƙaunar Allah.

Matarsa Salome ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. Wata shekara ta haihu, jaririn bai kwana bakwai ba ya koma. Daga nan ta daina waƙa, ta daina cin abinci. Sai ta wuni tana kallon bango, wani lokaci ta ce tana jin kukan jariri a bayan rumbu.

A ikilisiyar akwai Rahab, ma'aikaciyar jinya da ta karanci lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ta kai Salome asibiti, likita ya ba da magani. Kowace Laraba kuma takan zo gidan su zauna a gindin mangwaro. Su buɗe da addu'a, sannan ta bar Salome ta amayar da abin da ke cin ranta, ba tsawa, ba gori. Kafin a cire amfanin gona, Salome ta koma waƙarta.

Ranar godiyar kaka ta zo, kowa ya kawo damin dawa da buhun masara gaban majami'a. Mutumin namu ya miƙe ba da shaida. Ya ce, "'Yan'uwa, matata ta warke. Ba allura, ba ƙwaya, azumina da addu'ata kaɗai." Mata suka rangaɗa guɗa, kansa ya kumbura.

Da ya koma gida ya ga maganin a kan taga, sai ya ji kamar yana ƙaryata shi. Ya kwashe ya zuba a masai. Ranar Laraba ya tare Rahab a ƙofar gida ya ce, "Ki huta haka nan. Gidan dattijo ba gidan mahaukata ba ne."

Ta ce, "Baba, ka yi wa masararka addu'a bana?"

Ya ce, "Sosai."

Ta ce, "Ka sa mata taki?"

Sai ya rufe ƙofa.

Ya 'yan'uwa, girman kai rawanin tsiya ne. Ba a yi wata biyu ba ciwo ya dawo, har ya fi na da. Salome ta riƙe ƙafarsa tana kuka, ta ce, "Maigida, don Allah ka kira mini Rahab, kaina ba daidai yake ba." Tausayinta ya kama shi, gaskiya ne. Amma ya tuna guɗar nan, ya ce a ransa, da wane baki zan janye shaidar da na bayar? Sai ya sayo kwaɗo ya kulle ta a ɗaki. Duk mai tambaya, har Rahab, sai ya ce ta tafi wurin danginta a Danja.

Da damina ta faɗi, wata safiya ya tafi gona. Ya dawo da azahar ya tarar da ƙyauren ɗaki a ƙasa, Salome ba ta nan. Wata mai suyar awara a tasha ta ce ta ga mace da zanen zumuntar mata, ba takalmi, ta bi titi tana lallashin jaririn da babu shi a bayanta.

A Lahadin nan ya tsaya gaban jama'a ya faɗi gaskiya duka, yana kuka. Ina amfanin baɗi ba rai? An bi Danja, an bi Mahuta, an bi Funtuwa, an kai cigiya gidan rediyo. Shekara biyar ke nan, babu ita, babu kabarinta.

Gonarsa ta zama saura. Yau in kun je kasuwannin yankin nan za ku iya ganinsa, gashi a cukurkuɗe, yana shan gaban duk macen da ta ɗaura zanen zumunta don ya leƙa fuskarta. Sunan da ya ƙi a kira matarsa da shi, da shi ake kiransa. Rahab ce kaɗai ke binsa da abinci da magani. In ya gan ta sai ya ce, "Yau Laraba ce? Shiga, tana ɗaki."

Ya 'yan'uwa, wa ya ce mana magani kishiyar addu'a ne? Allahn da ke sauko da ruwa shi ya ba ɗan Adam sanin taki. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar na ƙafa, ba rashin bangaskiya ba ne. In naka ya kamu, durƙusa ka yi addu'a, sannan ka tashi ka kai shi wurin masu sani. Kada ka ƙara wa shaida gishiri, domin wani ne zai sha ɗacinta.

Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke sanye da rigar ibada. Duk inda Salome take, Ubangiji ya lulluɓe ta da jinƙansa, cikin sunan Yesu. Amin.