Minti Huɗun da Yuleidy Ta Yi a Ɗakin Sauya Kaya

Akwai wata yarinya a garinmu Quibdó mai suna Yuleidy Asprilla. Tun tana ƙarama take buga ƙwallon kwando a filin siminti na bakin kogin Atrato, ko ruwan sama ake ba ta fasawa. Tana da shekara ashirin da biyu ta zama wadda ta fi kowa zura ƙwallo a ƙungiyar matan ƙasarmu Kolombiya.

Iyawa kam ta iya. Matsalarta ba ta ganin kowa da gashi.

A ƙungiyar akwai Nohemí Rentería, 'yar Buenaventura, mai shekara talatin da huɗu. Shekara shida tana cikin tawagar, amma yawanci a benci take, sai wasa ya kusa ƙarewa ake saka ta. Yuleidy ba ta kiran sunanta, Kaka take ce mata.

"Kaka, miƙo min ruwa, tunda ba ki da aikin yi."

Nohemí takan miƙa mata, ta ce, "Sha a hankali, ƙanwata."

A shekarar aka tafi gasar ƙasashen nahiyarmu. Suka kai wasan da duk wanda ya ci zai samu gurbin gasar duniya, wanda ya faɗi kuma sai gida. Ga shi da masu masaukin baƙi za su kara. Ƙarfe huɗu na yamma zauren ya cika maƙil, mutum dubu tara, kusan duk na abokan hamayya.

Tun farkon wasa aka haɗa Yuleidy da wata mai tsaro gajera, mai lamba shida. Ba ta kai ta iya wasa ba, amma ta iya tsokana. Ta ja mata riga, ta taka mata ƙafa, ta raɗa mata magana a kunne, duk a inda alƙalin wasa ba ya gani.

Da aka je hutun rabin lokaci, Nohemí ta zauna kusa da Yuleidy.

"Na lura da mai lamba shidan nan. Ba ƙwallo aka turo ta ta tare ba, zuciyarki aka turo ta ta tayar. Duk abin da ta ce, ki yi kamar ba ki ji ba."

Yuleidy ta dube ta sama da ƙasa. "Maki goma sha tara na ci. Ke nawa kika ci daga inda kike zaune?"

"Ban ci ko ɗaya ba. Amma daga nan ana ganin abin da na ciki ba ya gani."

"To ki ci gaba da kallo, Kaka."

Saura minti huɗu a tashi, namu na gaba da maki biyu. Yuleidy ta karɓi ƙwallo, mai lamba shida ta manne mata a baya, ta ce mata 'yar masunta, ki koma ki sayar da kifi da uwarki.

Yuleidy ta juya ta kai mata gwiwar hannu a baki.

Usur ya tashi. Yarinyar na ƙasa, jini na zuba. Alƙalan suka duba hoton bidiyon wasan, babbansu ya ɗaga hannaye biyu sama: kora. Doka ta ce wadda aka kora haka ba ta zama ko a benci, sai ta bar filin gaba ɗaya.

Kocinsu, Don Evaristo Lozano, bai ko kalle ta ba. Ya juya ya ce, "Nohemí, shiga."

Kafin Yuleidy ta kai ƙofa, an ba abokan hamayya jifa biyu, duka sun shiga. Maki ya zama daidai.

Ɗakin sauya kaya a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo yake. Babu talabijin, wayarta kuma tana jakar da aka kulle. Ta zauna a ƙasa ita kaɗai. Abin da ya rage mata shi ne kunne. In rufin ya girgiza da ihu, an ci mu. In aka yi tsit, mu muka ci.

Rufin ya girgiza. Ya sake girgiza. Ta ƙirga a ranta: mun koma baya da huɗu, ko biyar.

Ta tuna mahaifiyarta da maƙwabta sun taru gaban talabijin a gida, sun ga abin da ta yi. Ta tuna 'yan wasa goma sha ɗaya da suka bar 'ya'yansu da karatunsu wata uku suna atisaye.

Tsit. Sai ihu. Sai tsit mai tsawo. Lissafi ya ɓace mata.

Can ta ji 'yan kallo suna ƙirga daƙiƙun ƙarshe da baki ɗaya, suna buga ƙafa. Biyar, huɗu, uku. Ba su kai ɗaya ba. Ƙararrawar tashi ta kaɗa, zauren kuma ya yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Nohemí ce ta fara shigowa, jiƙe da gumi, tana ɗingishi.

Yuleidy ta kasa ɗaga kai. "Me ya faru?"

"Mun ci da ɗaya."

"Ke kika zura?"

"A'a. Su biyu suka rufe ni, na ga Marlenis tamu ita kaɗai a ƙarƙashin kwando, na ba ta."

Sauran suka shigo suna tsalle suna kuka. Don Evaristo ya shigo a ƙarshe. Ya tsaya a kan Yuleidy.

"An dakatar da ke wasan gaba. Ni kuma na gama. Haɗa kayanki, gobe da safe ki koma gida."

Ba wadda ta tsaya mata. Kusan kowace a ɗakin ta taɓa shan baƙar maganarta.

Nohemí ta ce, "Koci, ina da roƙo."

"Ke ce za ki roƙa mata? Ke?"

"In ta koma gida gobe, abin da za a tuna da ita ke nan har ta tsufa, kuma shekararta ashirin da biyu. Abin da aka faɗa mata ma da zafi, na ji daga inda nake. Ta je ta ba yarinyar da ta buga haƙuri yau, a gaban mutane. Sannan ka bar ta ta zauna a gefe ta kalli wasan gaba. Shekara shida na yi a wurin, na san abin da yake koya wa mutum."

Don Evaristo ya daɗe yana kallon su biyun. Ya ce, "In ta sake, ku biyu za ku tafi."

"Na yarda."

Yuleidy ta miƙe, hawaye na zuba, ta juya za ta ba Nohemí haƙuri. Nohemí ta kama hannunta.

"Ba ni za ki fara ba wa ba. Wanke fuskarki. Mai lamba shidan tana ɗakin likita ana ɗinke mata leɓe, zan raka ki."

Darasi: Baiwa tana kai mutum sama, amma girman kai da saurin fushi suna iya sauko da shi cikin daƙiƙa ɗaya. Kada ka raina shawara don ka raina mai ba da ita, wata rana shi zai tsaya maka lokacin da kowa ya yi shiru. Ku tura wa wanda kuka san yana bukatar jin wannan.