Ɗawisun da Ya Ƙi Sa Ribas

Na san za a ce ƙirƙira na yi, amma mace mai ilimi da shekaru irina ba ta zubar da mutuncinta a kan tsuntsu. An yi wani Ɗawisu mai girman kai da ya nemi aikin tuƙa motar ɗaga kaya, mai yatsun ƙarfe biyu, a wani siton manja.

Wata rana aka tara sababbin direbobi domin horo. Mai horarwar ita ce Malama Hawainiya, ido ɗaya gaba, ɗaya baya. A layi akwai Agwagwa, wadda bakinta ba ya hutawa.

Malama ta ce, "Kaya kusa da ƙasa ake ɗaukarsu. In sun tare muku gaba, ku sa ribas, ku waiwaya. Wanda ya faɗi gwajin yau, shara zai koma."

Ɗawisu ya ce, "In waiwaya in ga me, Malama? Bayana duk jela ce."

"To, naɗe ta."

"A gaban jama'a? Kakana ko a ruwan sama bai naɗe tasa ba."

Agwagwa ta ce, "Kakanka bai tuƙa mota ba, Yallaɓai. Bolar bayan gidanmu yake tono."

"Ke da ko a ƙasa tangaɗi kike yi, rufe mana baki."

Da gwaji ya zo kansa, jarkokin manjan da ya ɗauka suka tare masa gaba. Maimakon ribas, sai ya ɗaga su har kusa da rufi, ya leƙa ta ƙarƙashi.

"Kun gani? Ga hanya, ga jela, babu ribas."

A kwanar farko nauyin sama ya rinjayi motar, ta karkace. Kowa ya watse. Manja ya sauko masa tun daga tukku har jela, ya fito jajawur.

Dila, mai dafa wa ma'aikata abinci, ya leƙo da tukunya. "Wane mai kirki ne ya riga ya zuba wa talo-talon nan mai?"

Ɗawisu ya ja da baya a guje, yana waiwaye, har ƙofa.

Malama ta ce, "Ribas ɗin ya yi kyau. Mota ce kawai babu."

Aka mayar da shi shara. Ba a ma saya masa tsintsiya ba, tunda jelar ta daina tashi.

Darasin wannan labari shi ne, ku 'ya'yana, ƙa'idar aiki ba ta duba ado, kuma abin da kuka ƙi naɗewa da kanku shi zai naɗe ku. Mai shakka ya je siton ya tambayi Agwagwa, wadda ke tuƙa motar yanzu. Sai dai ya tafi da kujera.