Ranar da Zuciyar Kaguwa Ta Tsaya

Kai Ɗanjuma, ajiye komar nan, ba guduwa za ta yi ba. Ku matso, yau rigima na kawo muku, kuma ba ni zan raba ta ba.

An yi wata kaguwa a gaɓar kogin nan, sunanta Tabawa, ga ta da goyon ƙwai fal a ƙarƙashin ciki. Ita kaguwa a gadon baya zuciyarta take, ƙarƙashin ƙoƙon nan mai tauri, kuma 'yan'uwa mata uku ke kula wa Tabawa da tata. Akwai Gambo, wani ɗan ƙullin jijiya da ke zaune cikin zuciyar, ita ke kaɗa mata bugu, ko gyangyaɗi ba ta yi. Akwai Delu, doguwar jijiya mai kawo saƙo daga ka, ta ce a tsaya ko a ƙara sauri. Sai autarsu Lantana, mai tukunyar sinadari a gefen zuciya. Ita ba ta gudu ba ta ihu, zubawa kawai take cikin jini ya zaga da kansa.

Wani hantsi Tabawa ta yi nisa da raminta wajen kiwo, sai ga inuwar zalɓe a kanta. Wayyo, ga ƙwai, ga nauyi! Kafin ƙiftawar ido Delu ta iso.

"Gambo, ajiye kiɗan!"

Zuciya ta tsaya cak, Tabawa ta sandare kamar dutse. Zalɓe ya leƙo, ya karkata wuya, bai ga abin da ke motsi ba, ya taka gaba.

To, Delu dai tsoro ya ruɗa ta, ta manta ba ta ce a ci gaba ba. Jini ya kwanta, idon Tabawa ya fara duhu. Gambo ta ce ita ba za ta zauna uwar ɗakinta ta mutu da ladabi ba. Ba ta jira umarnin kowa ba, ta ɗauki kiɗanta a hankali, dum, dum, har Tabawa ta farfaɗo ta motsa ƙafa.

Motsin nan zalɓe ya hango, ya juyo. Rami da nisa, hannun Gambo kuwa duk ya mutu. Nan Lantana ta tuntsurar da tukunyarta kaf, ko ɗigo ba ta rage ba. Bugu ya yi ƙarfi, jini ya cika ƙafafu, Tabawa ta zura a karkace, gudun da ko kakarta ba ta taɓa yi ba. Tana faɗawa rami zalɓe na kai sara, sai ya tashi da taɓo cike da baki. Wallahi na so a ce ina wurin!

Da ƙwai suka ƙyanƙyashe, murna ta ishi Tabawa, ta rantse 'yar farinta za ta ci sunan wadda ta cece su. Delu ta ce ba don ita ba, da tuni suna cikin zalɓe. Gambo ta ce gawa Delu ta bari, ita ta tayar. Lantana ta kife tukunyarta a gabansu, su ga ko ɗigo babu. Ga jaririya an wanke, ga dangi sun cika rami, suna kawai ake jira.

To jama'a, Delu, Gambo ko Lantana: wace ce za a yi wa takwara?